Ƙurajen da yara ke ɗauka ga juna: ki duba da kyau kafin ki shafa komi

Assalamu alaikum iyaye mata, da iyaye maza masu sa ido ga ɗiyansu. Abin da muka saba shi ne da an ga ƙurji ga jikin yaro sai a aika kemis a ce a bada man ƙurji, mai kemis kuma shi miƙo wanga man mai haɗin uku da kowa ya sani, a yi ta shafawa, kwana biyu abin ya yi kamar ya kwanta, bayan sati ya dawo ya fi da. Ƙurajen yara ba iri ɗaya ba ne, wani ƙwayar bairos ke kawo shi, wani bakteriya, wani fangas, wani kau ƙwaro ne mai rai da ke haƙa rami cikin fata, kuma maganin ɗaya bai yi ma ɗaya komi. Saboda haka aikin farko shi ne dubawa, magani na biye.

Ki tuɓe yaron gaba ɗaya da rana, waje inda akwai haske sosai, ba da dare da fitilar waya ba. Ki duba fuska da wuya, ki ɗaga hannu ki ga hammata, ki buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, wuyan hannu, cibiya, inda lastik ɗin wando ke zama, ɗuwawu, bayan gwiwa, tafin hannu da na ƙafa, ki ratsa gashin kai da yatsa. Sannan ki tambayi kanki: akwai zazzaɓi ko babu? Shina susa, in shina yi da dare ya fi ko duk lokaci ɗaya ne? Ƙurjin tauri gare shi ko ruwa ke ciki? Akwai wani cikin gida ko makarantar allo da ke da irinsa? Ki ɗauki hoto da waya ranar da kika fara gani, don bayan sati biyu ba za ki iya tuna ko guda biyar ne ko goma ba, kuma likita na jin daɗin wannan hoton ƙwarai.

Bari in fara da wanda ya fi ruɗa iyaye, wanda likitoci ke ce ma molaskum. Ƙananan ƙuraje ne masu tauri, zagayayyu, sumul suna ɗan sheƙi, girmansu milimita 2 zuwa 5, wato daga ƙwayar gero zuwa ƙwayar dawa, launinsu ko irin na fatar yaron ko ya ɗan fi ta haske. Babbar alamarsa ita ce in kika matso kusa za ki ga ɗan loɓawa a tsakiyar kowane ɗaya, awa an danna kan allura an cire. Ba zafi, ba zazzaɓi, yaro na cin abincinsa shina wasansa, wani lokaci dai shi ɗan sosa. Ya fi fita ga fuska, wuya, hammata, ƙirji, ciki, hannuwa da bayan gwiwa, da wuya ƙwarai ki gan shi ga tafin hannu ko tafin ƙafa. Ya fi kama yara 'yan shekara 1 zuwa 10, kuma sau da yawa ƙurajen ba su wuce 20 ba, sai ga yaron da ke da bushewar fata mai ƙaiƙayi ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Ƙwayar bairos ce ke kawo shi kuma tana zaune ne cikin wani farin abu mai kauri da ke tsakiyar ƙurjin, ba ta shiga jini, ba ta taɓa hanta ko ƙoda, iyakarta saman fata. Yadda take yaɗuwa shi ne fata ta gogi fata wajen wasa da kokawa, ko tawul ɗaya, soso ɗaya, zanen goyo ɗaya, ko yaron da kansa shi sosa nan shi kai hannu can, shi ya sa wani lokaci za ki ga sun jeru layi ɗaya daidai inda akaifa ta bi. Daga ɗauka zuwa fitowa kan ɗauki sati 2 zuwa 7, wani har wata 6, don haka kar ki ce lalle ɗan maƙwabciyar da ya zo jiya shi ya kawo, ba a haka ake gane shi ba kuma zumunci ya fi ƙurji.

To mi za a yi? Nan ne iyaye ba su son jin amsa, amma gaskiyar ita ce ga yaro mai lafiya molaskum da kansa yake tafiya, yawanci cikin wata 6 zuwa 12, wani ya kai shekara 2, kaɗan ne ke kaiwa shekara 4, kuma in an bar shi bai cika barin tabo ba. Tabon da muke gani ga yara mafi yawa daga hannunmu yake fitowa. Uwa ta zaunar da yaro ta matse da akaifa, ko a kai ma wanzami shi tsaga, ko a ɗora tafarnuwa dakakka a ɗaure, ko toka da kanwa, har ruwan batir wallahi ana sa ma yara, fatar ta ƙone ta bar baƙin tabo ko ta yi tudu, kuma mu masu baƙar fata tabonmu na daɗewa. Ga shi farin abin da anka matso ya shafi gefen, wata mai zuwa a ga sababbi goma inda da akwai uku. Don Allah ku daina matsewa.

Abin da za ki yi a gida ba shi da tsada. Ki ware mishi tawul nashi da soso nashi, ko ma ki ajiye soson gaba ɗaya ki riƙa yi mishi wanka da hannu da sabulu marar ƙarfi, don dirzawa da soso na yaɗa shi. Kar ki haɗa shi da ƙannensa cikin baho ɗaya, a yi ma sauran wanka tukuna shi daga baya da sabon ruwa. In za ki tsane shi ki riƙa dannawa da tawul a hankali, ba gogewa ba. Ki yanke akaifa duk sati. Inda tufa ba ta rufe ba, kamar hannu ko wuya, ki sa ɗan filasta in za shi makaranta, in ya dawo ko za shi kwana ki cire fata ta sha iska. Lokacin hunturu da fata ke bushewa tana tsagewa ki riƙa shafa mishi basilin ko man kaɗe a jiki, amma ki fara da inda ba ƙurji ki ƙare da gefen ƙurjin sannan ki wanke hannu. Kuma ba a hana yaro zuwa boko ko islamiyya don molaskum, ba dalili, kar a sa shi kunya cikin 'yan uwansa.

Akwai wani abu da ke tsorata iyaye: bayan watanni sai ɗaya ko biyu cikin ƙurajen su yi ja su kumbura kamar za su yi mugunya. Sau da yawa wannan alama ce jiki ya gane ƙwayar ya fara yaƙarta, kuma ƙarshen ciwon ya kusa. Ki wanke da ruwa da sabulu ki rufe. Amma in jan na faɗaɗa, wurin ya ɗau zafi, yaro na kuka in an taɓa ko zazzaɓi ya shigo, wannan kam wata ƙwaya ta hau kai, a tafi asibiti.

Sauran lokutan da ban yarda a zauna gida ba su ne in ƙurjin na kan fatar ido ko idon ya yi ja, in suna ga al'aura ko dubura, in sun yi yawa ƙwarai ko sun yi manya fiye da ƙwayar wake, ko yaron na ramewa shina yawan ciwo. Irin wanga yaron likita zai so shi duba garkuwar jikinsa, har da gwajin ƙanjamau, kar ki ji haushi in an ce a yi, taimako ne. A asibiti likitan fata na iya kankare su da ɗan ƙarfe bayan an sa maganin kashe zafi, ko a ƙona su da sanyi, ko a ba ki wani ruwan magani da ake ɗigawa kan ƙurjin kaɗai. A Amurka an amince da wani maganin shafawa na kantaridin a 2023 wanda likita ne ke sa shi da hannunsa, amma duk waɗanga hanyoyin suna da zafi ko suna iya barin tabo, shi ya sa ga ƙaramin yaro mai guda shida a ciki ni dai ina ganin haƙuri ya fi.

Ƙazuwa kuma labarinta daban ne, ita ba a yi mata haƙuri ko na kwana ɗaya. In yaro na hana ku barci da susa, da rana da sauƙi da dare kamar zai cire fata, kuma kin ga ƙananan ƙuraje tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, kewayen cibiya, ɗuwawu, ga yara maza har kan gaba, sannan wani cikin ɗakin shi ma ya fara susa, to kusan ƙazuwa ce. Ga jarirai takan fito har tafin hannu da tafin ƙafa da kai da fuska. Wani ɗan ƙwaro ne da ido bai cika gani ba, macen ke shiga ƙarƙashin fata tana yin ƙwai, kuma wanda bai taɓa yi ba sai ya yi sati 4 zuwa 6 da ɗauka kafin ya fara jin ƙaiƙayi, alhali duk wannan lokacin shina rabawa. Ba ciwon ƙazamai ba ne kamar yadda ake gori, cunkoso ne ke kawo ta, yara shida kan katifa ɗaya, ɗaliban kwana, almajirai da ke kwana jiki da jiki a zaure. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da anka yi sakaci da su, kuma ta ce a kowane lokaci mutum aƙalla miliyan 200 na ɗauke da ita.

Maganin da ya fi shi ne man famatirin mai kashi 5 cikin ɗari, ana iya sa ma yaro daga wata 2 da haihuwa. Inda ake kuskure shi ne shafawa kan ƙurajen kawai. A'a, duk jiki ake shafewa, daga wuya har tafin ƙafa, tsakanin yatsu, ƙarƙashin akaifa, cibiya, matsematsi, tsakanin ɗuwawu, bayan kunne, ga ƙananan yara har kai da fuska amma a kauce ma ido da baki. A shafa da dare kan fata busassa mai sanyi, a bar shi awa 8 zuwa 14, da safe a yi wanka. In an wanke hannu cikin dare ko an yi ma yaro tsarki a sake shafa wurin. Jariri a sa mishi safa ga hannu kar shi tsotsa. Bayan kwana 7 a maimaita, don ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe. In famatirin bai samu ba akwai farin ruwan nan benzil benzowet mai kashi 25, shi ya fi yawa a kemis kuma ya fi araha, amma da ƙarfinsa na manya ne, ga yara ana sirka shi rabi da rabi da ruwa, ga ƙanana ƙwarai ma fiye da haka, kuma shina da raɗaɗi in fata ta fashe, don haka ki sa ma'aikacin lafiya shi faɗa miki yadda za ki sirka gwargwadon shekarun ɗanki. Jaririn da bai kai wata 2 ba a kai shi asibiti kawai. Akwai kuma ƙwayar aibamektin, irin wadda ake rabawa da sunan Mectizan don makantar rafi, tana aiki ƙwarai amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba, kuma da awon nauyi ake ba da ita.

Sharaɗin da in an bar shi duk kuɗin sun tafi banza: kowa da ke kwana gidan za a yi mishi magani, duka a dare ɗaya, mai susa da marar susa, har maigida, har 'yar aiki, har almajirin da ke yi muku aike in da hali, shi ma ɗan wani ne. Washegari a kwashe zanen gado, tufafin da anka sa cikin kwana ukun da sunka wuce, tawul da zanen goyo a wanke da ruwan zafi sosai a shanya tsakar rana a yi guga. Abin da bai wankuwa a ƙulle cikin babbar leda a ajiye sati guda, ƙwaron bai wuce kwana 2 zuwa 3 in ba jikin mutum. Katifa da tabarma a fitar rana, mu da Allah ya ba ranar Sakkwato ai ba mu da uzuri. Kuma ki sani ƙaiƙayin na iya ci gaba sati 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, wannan ba shi ne magani bai yi ba, kar ki yi ta ƙara shafawa kullum har fatar ta ƙone. In sababbin ƙuraje na fitowa bayan wata guda sai a koma a sake dubawa.

Dalilin da ya sa na matsa kan ƙazuwa shi ne abin da ke biyo bayanta. Susa na buɗe fata, bakteriya su shiga, sai ki ga gyambo mai ruwa wanda ke bushewa da ɓawo ruwan zuma. Wanga gyambon na fitowa ko ba ƙazuwa, musamman gefen hanci da baki ga yaro mai majina, ko ƙafa inda sauro ya ciza anka sosa da damina, kuma shina saurin bin yara. In guda biyu ne ko uku, ki jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi da sabulu har shi saki a hankali, ki tsane, ki shafa man mufirosin sau 3 a rana kwana 5, ki rufe. In sun yi yawa ko da zazzaɓi ko kaluluwa ta fito, sai maganin sha wanda likita ya rubuta kuma a shanye shi duka, ba a fasa kafso a barbaɗa kan gyambo ba kamar yadda ake yi. Yaro shi zauna gida kwana biyu bayan fara magani. Sannan ki sa ido har bayan wasu makonni: in kika ga fuskarsa ta kumbura da safe, ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu ko ya koma launin baƙin shayi, ƙoda ce ta taɓu, ranar nan za a tafi asibiti ba gobe ba.

Ƙarambau kowa ya san shi, ya fi zuwa lokacin zafi. Zazzaɓi da kasala, sannan ƙuraje masu ruwa da ke farawa ga ƙirji da baya da fuska har cikin kai da baki, kuma za ki ga wasu sababbi wasu da ruwa wasu sun bushe duk a lokaci ɗaya. Shi ta iska ma ana ɗaukarsa, tun kwana 1 zuwa 2 kafin ƙurajen su fito har sai duk sun yi ɓawo, wajen sati guda kenan, kuma wanda ya ɗauka sai bayan kwana 10 zuwa 21 zai nuna. A ba yaro farasitamol da ruwa da yawa, kunu, abinci mai laushi, a shafa kalamin, a yi mishi wanka, maganar cewa ba a wanka da ƙarambau ita ke sa ƙurajen su ruɓe. Kar a ba shi asfirin ko wani garin maganin ciwon kai da ke da asfirin ciki, shina iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, aibufurofen ma a bar shi. A raba shi da mai ciki da jariri sabon haihuwa, in kuma sun riga sun haɗu su je asibiti su faɗa da wuri.

Makero, wanda fangas ke kawowa, ba ƙurji ba ne sosai, zagaye ne mai ɓawo, ga kai ya cinye gashi. Na jiki man kilotirimazol sati 2 zuwa 4 ya isa, na kai kam shafawa ba ta kai tushen gashi, sai an sha girisiyofulbin sati 6 zuwa 8, kuma a sai ma yaro kilifa da matajinsa in da hali. Nan ne wanga man haɗin ukun ya fi ɓarna, don sinadarin sitiroyid da ke cikinsa na kwantar da ja da ƙaiƙayi alhali fangas ɗin na ƙara bazuwa, ga shi shina sa fatar yaro ta yi siriri ta yi fari. Ƙurajen zafi kuma na watan Afrilu da Mayu, masu fitowa ga wuya da goshi da baya, ba a ɗaukarsu, wanka da tufa marar nauyi da inuwa ne maganinsu.

Biyu ne ban son a ruɗa su da sauran. In zazzaɓi mai ƙarfi ya zo da tari da majina da jan ido sannan ƙuraje sunka fara daga bayan kunne da fuska suna sauka, ƙyanda ce, asibiti kai tsaye, kuma rigakafinta kyauta ne ga wata 9 da wata 15. In kuma zazzaɓi ne da kaluluwa ga wuya ko matsematsi, da ƙuraje masu tauri da zafi da ke cika da mugunya har ga tafin hannu da ƙafa, a yi tunanin ƙyandar biri wadda ta sake ɓulla a Najeriya tun 2017, a ware yaron a rufe ƙurajen a sanar da asibiti, ko a kira layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, 6232. Haka duk yaron da ke da ƙurji ya kasa shan nono ko ruwa, ko numfashi na mishi wuya, ko wuyansa ya sanƙare, ko shina barcin da ba a iya tada shi, ba a jiran safiya.

Ga sauran kuma ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ki asibitin mata da yara na Maryam Abacha ko Asibitin Ƙwararru nan Sakkwato, in sai likitan fata to asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ki tafi da hotunan da kika ɗauka, da katin rigakafi, da kwalin duk abin da kunka riga kunka shafa ko kunka ba shi ya sha, har na gargajiya, ki faɗa ba ɓoyo. Kuma ranar zuwa kar ki shafa mishi komi, ko kalamin ko hoda, don likita shi ga ƙurjin yadda yake.